Layin da Na Tsallake a Kundin Masu Hidima

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, na yi shekara huɗu a gidan kwanan ɗalibai a nan Makka, wanda kowa ke kira sakan. Kun san ni da jan labari, to yau ma sai kun yi haƙuri da ni. Abin da zan faɗa na daɗe ina ɗauke da shi, kuma wanda abin ya fi shafa ya yafe mini tuntuni.

Sakan ɗin bene ne ta wajen unguwar Shisha. Ɗaliban ƙasashe da yawa ne a ciki, amma hawa na uku kusan namu ne, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Kana hawa matakala ƙamshin daddawa zai gaya maka ka iso. A wannan hawa mun tarar da wata tsohuwar al'ada, ana ce mata Majalisar Masu Hidima. Duk ƙarshen shekara, shugabannin ɗakuna sukan zauna tare da mushrif, wato mai kula da sakan, su zaɓi mutum uku daga cikin masu gama karatu, waɗanda suka fi ɗawainiya da jama'a. Ba a duba makin jarrabawa. Ana duba wanda ya raka baƙo yin iƙama, wato takardar izinin zama, wanda ya kashe rigimar ɗaki, wanda ya yi jinya.

Wanda aka zaɓa yakan sami shahada, wato takardar yabo, amma ba ita ce abin so ba. Abin so shi ne tazkiyya, takardar shaidar hali da mushrif ke rubuta wa mutum ukun nan kaɗai. Guraben zarcewa karatu na gaba kaɗan ne, kuma kowa ya san mai wannan takarda ya fi kusa da samu. Wanda bai zarce ba, iƙamarsa ta ƙare ke nan, sai gida.

Ni kuwa shekara biyu ina shugaban hawa. Ba zan ce ban yi aiki ba, na yi. Sai dai ina son a ga ina yi. Idan famfo ya lalace, ni ne mai tsayawa bayan sallar la'asar in yi jawabi a kan famfo. Wanda ke gyara shi kuwa abokina ne, abokin ɗakina, mutumin Damagaram. Ba ya magana a taro. Yana da wata 'yar tukunya da buta, duk wanda ya kwanta ciwo a hawan nan ya sha kunun tukunyar. Ni Bakano ne, don haka tsokana ba ta ƙarewa tsakaninmu.

A shekararmu ta ƙarshe aka share wani ɗakin ajiya, sai aka ci karo da wani kundi a naɗe cikin tsohon harami, da alƙalamin kara a gefensa. Ashe ainihin kundin majalisar ne. Ya yi shekaru a ɓace, ana ta buga sunaye a na'ura ana mannawa a bango. Duk rubutun cikinsa ajami ne, da hannun mutanen da, tawadar ta koɗe. 'Yan uwanmu da suka taso a boko da Islamiyya suka gwada, suka tsinci kalma nan da can, suka ajiye.

Mushrif ɗinmu haifaffen nan ne, kakansa ne ya zo a ƙasa daga ƙasar Hausa. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya kira ni a gaban jama'a bayan la'asar ya ce, "Ya shaikh, an ce kai ka iya rubutun kakanni. Ni ina ganin haruffa, bas ba na ganewa. Daga yau kai ne katib, magatakardan majalisa. Ka fitar mana da sharuɗɗan da ke ciki mu manna."

Na miƙa hannu biyu na karɓi kundin da alƙalamin. A gaban kakana na koyi ajami a Kano, har tawada na iya haɗawa da ƙaro da gawayi, kuma ban taɓa samun inda wannan zai ɗaga ni ba sai ranar. Har na hau matakala kaina na rawa.

Washegari da hantsi na buɗe shafin farko. Bayan bisimilla sai sharuɗɗa. Na farko, mutum uku a shekara. Na biyu, ba a duba maki. Na uku, ba mai neman a sa shi. Na huɗu, duk shekara a karanta sunayen duka a yi musu addu'a. Sai na biyar, a can ƙasa, da tawadar da ta ɗan fi sauran duhu: wanda ya karɓi alƙalamin kundin nan, sunansa ba ya shiga ciki, ko yana riƙe da shi ko ya ajiye.

Na karanta sau uku. Rubutun a fili yake, ba inda zan ce na yi shakka.

Ina zaune haka abokina ya shigo da shayi. Ya ce, "Bakano, me kakanni suka ce?"

Na ce, "Sun ce kada a kuskura a sa Badamagare."

Ya yi dariya ya ajiye mini kofi. Ya ce, "Kakanninka ne suka rubuta ke nan. Tun da suka ji ƙarar igwarmu a yaƙin Damagaram da Kano ba su huce ba." Ya fita abinsa.

Shaiɗan bai ce mini in yi ƙarya ba. Da hujjoji ya zo mini, kuma masu kyau. Ai ba a gaya mini sharaɗin ba kafin in karɓa. Ai shekarun da kundin ya ɓace ba wanda ya bi shi. Ai ba adalci ba ne ilimin da kakana ya ba ni ya zama shi ne zai hana ni abin da na yi shekaru ina wahala a kai. Na ɗauki biro na juya sharuɗɗan zuwa boko da Larabci, na rubuta huɗu, na ja layi. Aka manna a bango. Ba wanda ya gwada da kundin, domin ba wanda ya yi zaton akwai buƙata.

Ranar zaɓe, mutum biyu ba a yi gardama a kansu ba. Gurbi na uku ne ya tsaya tsakanina da abokina. Aikin katib ne ya tattara takardun shaida daga ɗakuna ya karanta wa masu zaɓe a taƙaice. Takardun da aka rubuto a kansa sun fi nawa yawa, sai dai gajeru ne: ya yi jinyata, ya wanke mini kaya da na karye, ya kwana uku da ni a asibiti. Na dunƙule su duka a jimla ɗaya, na ce yana taimakon marasa lafiya. Nawa kuwa na jera su ɗaya bayan ɗaya, da murya mai nuna wai kunya nake ji. Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina. Aka zaɓe ni da ƙaramin rinjaye.

Na haɗa tawada mai kyau, na rubuta sunayen uku a kundin, nawa a ƙarshe. Ban taɓa ƙawata rubutu kamar yadda na ƙawata wannan ba. Abokina ne ya fara rungume ni, shi ya goge mini rigar da na sa na je karɓar tazkiyya. Na miƙa takarduna na neman zarcewa da ita, ya miƙa nasa babu ita, aka rufe karɓa.

Bayan kamar mako biyu mushrif ya ce yana son walimar bana ta bambanta, tunda kundi ya dawo. Akwai wani tsoho a unguwar Hindawiyya, aminin marigayi mahaifinsa, tela ne, yana cikin waɗanda suka kafa majalisar. Ya ce in ɗauko kundin mu je mu gayyato shi.

Da safe muka tafi. Mota ba ta shiga lungun, sai muka taka, muka hau wata ƙunƙuntar matakala a saman shagon ɗinki. Tsohon na zaune a kan darduma, idanunsa sun yi fari, ba ya gani sai inuwa. Basakkwace ne, kuma shekarun da ya yi a Makka ba su taɓa harshensa ba. Mushrif ya sumbaci kansa, ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ammi, ga kundinku ya fito. Wannan kuma shi ne katib ɗinmu." Bai faɗi sunana ba. Daga nan ya shiga ciki gaida Hajiya, matar tsohon, ya bar mu.

Tsohon ya karɓi kundin ya shafa bangonsa, ya kai hanci ya shinshina. Sai ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, "Ɗana, Allah shi ba ka ladan haƙuri. Ka ɗauki abin da na ɗauka. Ba kowane yaro ba ne ka yarda da wanga."

Na ce amin.

Ya ce, "Ka san mafarin abin ga?" Na ce ban sani ba.

Ya ce a zamaninsu wani ɗalibi ya kamu da tari mai tsanani, kowa ya gudu daga ɗakin don tsoro. Mutum ɗaya ya zauna da shi, yana ba shi abinci yana wanke shi, har lokacin jarrabawa ya zo ya wuce. Mara lafiyan ya warke ya ci gaba da karatunsa. Mai jinyar kuwa ya faɗi, aka sallame shi. Ranar rabon kyaututtuka aka kira masu maki ɗaya bayan ɗaya, shi yana ɗaki yana ɗaure kayansa.

"Munka raka shi Jidda," in ji tsohon. "Munka kamo hanyar komowa. Sai munka biya kasuwa munka sayi littafin ga. Sunanai, shi mai jinyar, na fara rubutawa. Babu shahada sa'an nan, babu tazkiyya, daga baya anka ƙaro su. Mu dai mun ce kada a mance da irinsu, a riƙa yi musu addu'a. Shi ke nan."

Ya riƙa shafa shafin farko da yatsa, har ya sauka ƙasa inda layin nan yake, kamar yana gani.

Ya ce, "Na biyar ɗin ga, shekara ta biyu na ƙara shi. Ba wanda ya sa ni. Ni ka karanta wa jama'a aikin kowa, sai na ji harshena na yin nauyi in na zo ga na wani, yana yin sauƙi in na zo ga nawa. Na ji tsoro. Na ce in dai addu'a kawai ta sa ni haka, ina ga ranar da abin duniya ya shigo? Duba kundin duka, ba ka ganin sunana."

A ƙasa keken ɗinki na ta aiki.

Ya ce, "Karanta min na bana, in yi musu addu'a tun yanzu. Ban san ko ina kai ranar walima ba."

Na buɗe shafin. Na karanta na farko, ya yi addu'a. Na karanta na biyu, ya yi addu'a. Na karanta na uku. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya saka wa wannan bawa da alheri, ya sa hidimarsa a mizani, ya tsare shi daga riya. Sannan ya juyo ya ce, "Shi wanga, mi ya yi wa jama'a?"

Da na yi shiru a lokacin, ko na lissafa masa jawaban famfo, da har yau ba wanda ya sani. Ban san abin da ya buɗe mini baki ba, in ba rahamar Allah ba. Na ce, "Baba, ni ne."

Ya sake lalubo hannuna. Ya riƙe shi bai saki ba.

Ya ce, "Layin ya goge?"

Na ce, "Bai goge ba."

Na jira ya tambaye ni dalili, domin ina da dalilai a shirye. Bai tambaya ba. Cewa ya yi, "Wa ka ture?"

Na gaya masa komai, har yadda na dunƙule takardun. Ya ce, "To gare shi za ka fara zuwa, kafin mushrif, kafin kowa. Da wace tawada ka rubuta?" Na ce ta ƙaro da gawayi. Ya ce, "Tana wankuwa. Amma kada ka yage shafin, kada ka manna takarda bisa. A bar wurin yadda ya fito."

Da na koma sakan na tarar da abokina yana jera littattafansa a kwali. Na rufe ƙofa, na buɗe masa shafin farko, na karanta masa layin ina bi da yatsa. Sannan na gaya masa sauran. Bai yi fushi irin wanda na shirya wa ba. Ya zauna a bakin gado yana kallon kwalin. Can ya ce, "Na gaya wa mahaifiyata in na zarce, baɗi zan kawo ta ta ga Ka'aba." Ya ɗauki dardumarsa ya koma ɗakin wasu 'yan garinsu.

Mushrif da na gaya masa, ya riƙe kai yana ta salati. Ya rubuta sabuwar tazkiyya da sunan abokina a ranar, ya kai da ƙafarsa, ya yi ta hawa da sauka. Aka ce masa an riga an rufe, an gama tantancewa, ba yadda za a yi. Ni kuma na je na janye takarduna. Kada ku ɗauka wannan ya gyara wani abu. Gurbin ya tafi ga wani daban, ba ni ba, ba abokina ba.

Kwana huɗu ba mu yi magana ba. Na kasa cin abinci, har zazzaɓi ya kwantar da ni. A rana ta biyar da safe na ji an turo ƙofa, na ji ƙarar 'yar tukunyar nan a ƙasa. Ya ce, "Tashi ka sha, Bakano. In ka mutu a nan ni za a bar wa wankanka, kuma na gaji da yi maka aiki." Na sha kunun ina hawaye, shi kuma yana kallon taga don kada ya ga fuskata.

Ranar walima aka ɗauko tsohon a kujera. Bayan an yi karatu, na miƙe na karanta sharuɗɗan, guda biyar. Na faɗi abin da na yi da bakina, ban rage ba. Na jiƙa auduga a kofi na wanke sunana a gabansu. Tawadar ta tashi, amma takardar ta sha ruwa ta yi wani tabo mai launin toka, faɗin yatsa biyu. Muka jira ya bushe. A ƙarƙashinsa na rubuta sunan abokina, haruffan suka fito a karkace. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce a hankali, "Ka gyara hannu, kada jikokina su zo su kasa karantawa." Daga nan aka karanta sunayen tun daga na farko, mai jinyar nan da aka raka Jidda, tsohon na cewa amin bayan kowane suna.

Mu biyu muka bar Makka a wannan shekara. Shi ya koma Damagaram yana koyarwa, har yau. Ni bayan wasu shekaru Allah ya dawo da ni da aikin tafinta wajen masu hidimar alhazai, ina zaune a unguwar Utaibiyya da iyalina. Tsohon ya rasu kafin in dawo. Mahaifiyar abokina ma ta rasu, ba ta taɓa ganin Ka'aba ba. Da na kira shi ta'aziyya na nemi izininsa in yi mata Umra. Ya ce, "Yi mata, Allah ya karɓa. Amma kada ka yi don ni, ni na gama da wannan magana tun ranar kunu." Na yi mata. Na san ba daidai yake da ta gani da idonta ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne, ban taɓa ɗaukar kaina maƙaryaci ba a duk kwanakin nan. Ina salla a Harami, ina karatu, ina ganin kaina mutumin kirki da ya gyara wata 'yar tsohuwar ƙa'ida. An ba ni amanar karanta wa mutane abin da ba za su iya karantawa ba, na karanta musu wanda ya yi mini daɗi. Yanzu da tafinta ta zama sana'ata, duk ranar da tsohuwa ta riƙe hannuna a gaban likita ta ce in faɗa mata abin da ya ce, nakan tuna shafin nan, in faɗa mata duka, har wanda ba na son faɗa.

Majalisar na nan har yanzu, an ce ma wasu hawan sun kwaikwaya. Watan da ya wuce katib ɗin bana ya samo lambata ya turo mini hoton wani shafi. Ya ce za a sa kundin a akwatin gilashi, sai suka ga wani tabo a shekararmu, ko na san abin da ya zube a wurin, kuma ko su rufe shi da farar takarda don ya yi kyau.

Na tambaye shi ko ya karanta layi na biyar kafin ya karɓi alƙalamin. Ya ce an karanta masa a gaban kowa, haka ake yi yanzu. Na ce alhamdu lillahi.

Sannan na ce masa ba abin da ya zube. Sunana ne, kuma a nan ne kaɗai ya dace ya kasance. Na ce ya bar shi a buɗe.